Wane tsaiko za ka ɗora ƙwayoyin hanta a kai? Kwatanci ga mai shirin bincike a Birnin Kebbi

Wata ɗalibar digiri na biyu ta same ni a ofis cikin watan Afrilu, gab da la'asar, fanka a tsaye, kowa na fifita da takarda. Ta miƙo min wayarta. Hoto ne na ƙwayoyin hanta, wato ƙananan ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka zama hanta, da aka jera kamar saƙar zuma, wasu kore wasu ja, suna ƙyalli. Ta ce, "Malam, irin wannan nake so in yi." Abin da take son ganowa shi ne ko wani jiƙon shawara da ake sayarwa a kasuwa yana lahanta hanta. Na ce mata hoton ya yi kyau, amma ta fara gaya min awa nawa inkubetarta, akwatin ɗumin da ake rainon ƙwayoyi a ciki, ke yi a kunne a yini.

Ga wanda bai saba da fannin ba: ƙwayar hanta in aka cire ta daga jiki aka shimfiɗa a farantin roba, cikin 'yan kwanaki takan baje, ta rage yin albumin da yuriya da hanta mai lafiya ke samarwa, sinadaran da take narkar da magani da su su yi ƙasa. Tana raye, amma ta mance sana'arta. A jiki tana zaune ne cikin 'yan gidaje masu kusurwa shida, kowanne faɗinsa kamar milimita 1, jini na ratsawa daga gefe zuwa tsakiya. Shi ya sa masu bincike ke gina mata abin da za ta kama. Ni ina kiransa tsaiko, don kamar na jinka yake: sai an ɗaura shi kafin a baibaye da shuci. Tun maƙalar Robert Langer da Joseph Vacanti ta 1993 fannin gina nama a lab ya samu suna, nau'o'in tsaikon kuma suka yi yawa har mai shigowa ya rasa na ɗauka.

Abin da za a auna da shi

Na farko, kwana nawa ƙwayoyin za su yi suna aikin hanta na gaske. Gwajin guba mai saurin kisa kwana 2 ko 3 ya ishe shi. Amma maganin da mutum ke sha kullum na tsawon wata, ko zaman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a hanta, wanda ke ɗaukar kusan mako guda, waɗannan suna son ƙwayoyin da za su yi makonni.

Na biyu kuɗi, har da na jigila, don a nan jigila kan fi kayan tsada. Na uku juriya: ya kayan zai yi in firij ya mutu a watan da zafi ke haura digiri 40 a Birnin Kebbi da Gusau? Na huɗu sauƙin aiki da irin na'urar da yake nema. Na biyar haɗari, wato gurɓacewa, da kuma yiwuwar ka maimaita gwaji ka samu wani sakamako daban.

Akwai doka ɗaya da ke kan duka. Iskar oksijin ba ta ratsa nama fiye da maikromita 100 zuwa 200, wato kashi ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin biyar na milimita, in babu jijiyar jini, ƙwayar hanta kuwa mayunwaciyar oksijin ce. Duk abin da ka gina ya yi kauri, tsakiyarsa za ta mutu, komai tsadar tsaikon.

Sannan, kafin tsaiko, ƙwayar. Yawancinmu HepG2 za mu samu, wadda aka ciro a 1975 daga ƙarin hantar wani yaro ɗan shekara 15. Ba ta da wuyar kiwo, tana yaɗuwa kamar tafasa da damina, amma sinadaranta na narkar da magani, irin su CYP3A4, kaɗan ne ƙwarai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don gubar aflatoksin da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna ba ta zama mugu sai hanta ta sarrafa ta da waɗannan sinadaran. Haka farasitamol. Sai ka zuba guba a kan HepG2, ka ga ba ta mutu ba, ka rubuta cewa lafiya lau. Cutar hanta nau'in B ma ba ta shiga HepG2 ta asali, don ba ta da ƙofar da ake kira NTCP, wadda masu bincike a Beijin suka gano a 2012, sai in an dasa mata. Ƙwayoyin hantar ɗan Adam na ainihi su ne gwanaye, amma ƙaramar kwalba ɗaya ɗaruruwan daloli ce, dole ta zauna cikin ruwan naitirojin, kuma ba sa haihuwa a faranti. Tsakanin biyun akwai hantar ɓeran gwaji, da ake ware ƙwayoyinta ta hanyar da Per Seglen ya daidaita a 1976, in kwamitin ɗa'ar bincike ya amince kuma hannunka ya faɗa.

Kolajin: ƙwaya tsakanin shimfiɗa biyu

Wannan ita ce tsohuwar hanya, tun 1989 da Dunn da Tompkins da Yarmush suka nuna ta a Boston. Ka zuba kolajin, furotin ɗin da ke riƙe naman jiki, siriri a faranti, ya daskare, ka shuka ƙwayoyi, kashegari ka rufe su da wani kolajin. Ƙwayoyin hantar ɓera sun yi makonni a haka suna fitar da albumin, har 'yan hanyoyin ruwan matsarmama suna buɗewa a tsakaninsu.

Kolajin ɗin daga jijiyar wutsiyar ɓera ake samunsa, kuma kana iya haɗa shi da kanka: ka zare jijiyoyin, farare ne kamar zaren lilo, ka jiƙa a ruwan asid mai rauni na 'yan kwanaki cikin firij, ka tace. In sashenku na gwaji da ɓeraye, wutsiyoyin da ake zubarwa sun ishe ka shekara. A firij yake zama, ba a daskarar da shi. In wuta ta ɗauke na 'yan sa'o'i bai cika lalacewa ba, amma yini guda cikin zafin Afrilu zai gama da shi. Wurin da hannu ke rawa shi ne lokacin kashe tsamin: a kan ƙanƙara ake yi, ana ɗiga sinadarin har launin ya juya daga rawaya zuwa ja-ja, in ka yi nawa ya kama a cikin bututu. Sau uku na zubar da nawa kafin in iya. Amfaninsa babba shi ne komai a shimfiɗe yake, madubin lab mai girmama ƙananan abubuwa, na yau da kullum, zai nuna maka ƙwayoyin, oksijin kuma ba ya wahalar isa. Illarsa, wanda ka haɗa yau da na wata mai zuwa ba za su yi kauri ɗaya ba, don haka ka haɗa mai yawa lokaci guda.

Matrigel

Shi ne ɗan gata. Jel ne da ake tatsowa daga wani ƙari na ɓera, kamfanin Corning ke sayarwa, kuma da shi aka raini 'yan ƙananan hantocin da Meritxell Huch da Hans Clevers suka samar a Holan, na ɓera a 2013, na mutum a 2015. Ƙwayoyi na son sa. Amma kwalbar mililita 10 ɗaruruwan daloli ce, a daskare take zuwa, a daskare take zama a digiri 20 ƙasa da sifili, kuma da zarar ta haura digiri 10 ta fara kamawa. Ka yi tunanin tafiyarta daga jirgi zuwa kwastan zuwa motar Birnin Kebbi. Na taɓa buɗe kwalin irin waɗannan kaya na tarar busasshiyar ƙanƙarar ta ƙare tun a hanya, abin ciki ya zama kamar kamu da ya kwana. Kuɗin tallafi ne ya tafi. Ga shi cike yake da sinadaran girma da adadinsu ke bambanta daga kwalba zuwa kwalba, sai ka rasa ko jiƙon da kake gwadawa ne ya yi aiki ko abin da ke cikin jel ɗin. In ba ƙananan gaɓoɓi daga ƙwayoyin asali (stem cell) kake raino ba, kuma kana da firiza kan sola, ban ga dalilin sa kai ba.

Aljinet: ƙwan kifi a cikin kofi

Gari ne da ake samu daga ciyawar teku. Yana zama a kan kanta shekara da shekaru, ba ruwansa da firij. Ka dama kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, ka gauraya da ƙwayoyi, ka ɗiga da sirinji cikin ruwan kalsiyam, nan take kowane ɗigo ya dunƙule. Duk wanda ya taɓa fasa cikin kifi a Yauri ya san kamannin. Ranar da kake son ƙwayoyinka, sai ka narkar da ƙwallayen da sinadarin sitiret, su fito.

Arha ne, kuma ɗalibi na iya koya a yini ɗaya. Matsalolinsa biyu. Ƙwaya ba ta da abin kamawa a jikin aljinet, don haka HepG2 takan haɗu da 'yan uwanta ta yi curi a ciki, amma ƙwayoyin ainihi sukan sha wuya sai an sa ɗan kolajin ko jelatin. Na biyu, ɗigon allura yakan kai milimita 2 zuwa 3, ya ninka iyakar oksijin sau da yawa. Sai an nemo dabarar ƙanƙanta shi, ko da busa iska mai tsabta a bakin allurar, ya sauko ƙasa da rabin milimita. In ba haka ba rabin abin da kake aunawa gawa ce.

Tun da an ambaci jelatin: yawancin wanda ake sayar wa lab, har da wanda ake haɗa jel ɗin GelMA da shi, daga fatar alade ne. Akwai na shanu. Duba jikin kwalba kafin ka yi oda, don na ga ɗaliban da suka gano bayan kaya sun iso kuma hankalinsu bai kwanta ba.

Hantar kwata, a wanke ta tas

Wannan ne ya fi burge ni, kuma shi ne wanda muke da kayansa fiye da masu yinsa a Turai. Ana ɗaukar hantar dabba a wanke duk ƙwayoyin da ke cikinta da sabulun lab, SDS ko Triton X-100, har ta koma fara sol, kana hangen jijiyoyinta kamar ganyen da tsutsa ta cinye ta bar saƙar. Abin da ya rage shi ne tsaikon da Allah Ya yi wa hanta tun asali, da kolajinsa da laminin da hanyoyin jini. Basak Uygun da abokan aikinta a Boston sun yi haka da hantar ɓera a 2010, suka mayar da sababbin ƙwayoyi ciki, suka dasa ta na 'yan sa'o'i. Masu bincike a Indiya sun yi da hantar akuya.

Ranar da na fara zuwa kwata da kula cike da ƙanƙara, bayan sallar asuba, na ce wa mahaucin ina son hantar ɗan akuya yanzu-yanzu, kada a sa mata ruwa, kada a yanka ta. Ya dube ni ya ce, "Malam, mi za ka yi da ita in ba gashi ba?" Da na ce wanke ta zan yi har ta yi fari, sai ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji. Amma shi ya koya min abin da ban karanta ba: ya matsa jijiyar hantar wata saniya da babban yatsa, tsutsa mai faɗi kamar ganye ta fito. Dabbobin da ke kiwo a fadama, bakin Rima da Neja, suna yawan ɗauke da ita, hantar kuma takan yi tauri da tabo. Irin wannan ba ta yi maka tsaiko. Nemi ƙaramar dabba, ka bar likitan dabbobin da ke duba nama ya gani.

Hanya biyu ce. Wanke hanta sukutum ta jijiyarta yana son famfo na musamman da ke aiki kwana da kwanaki ba tsayawa, sannan cika ta yana son ƙwayoyi miliyoyi ɗari-ɗari. Wannan ba aikin digiri na biyu ba ne. Mai yiwuwa shi ne a daskarar da hantar, a yanka siriri, a yi ta girgizawa cikin sabulu ana canza ruwa na 'yan kwanaki, a ɗauraye, a busar, a niƙa, a narkar da shi da fefsin, sinadarin narkar da abinci na ciki, ya zama jel ko abin shafe faranti. Busasshen garin yana ajiyuwa. Kuɗin hanta bai kai na abincin rana ba.

Wahalar tana wurin tabbatarwa. Ƙa'idar da Crapo da Gilbert da Badylak suka kafa a 2011 ita ce DNA da ya rage kada ya kai nanogiram 50 a kowane miligiram na busasshen tsaiko, kuma kada a ga cibiyar ƙwaya ko ɗaya a madubi. In ba ka auna wannan ba, mai duba aikinka daga waje zai tsayar da kai a nan. Sabulun da ya maƙale ma yana kashe ƙwayoyi, sai ka ɗora laifin a kan jiƙon da kake gwadawa. Ga gurɓacewa: abin da ya fito daga kwata sai an bi shi da asid mai kashe ƙwayoyin cuta da haƙuri, in kuwa lokacin hunturu ne ƙura na shiga ta ko'ina, ka shirya zubar da faranti.

Tsaiko mai zane: saƙar zuma da bugun na'ura

Nan ne hoton ɗalibata ya fito. A 2016 ɗakin binciken Shaochen Chen a San Diyego ya yi amfani da haske ya daskarar da jel cikin siffar kusurwa shida, ƙwayoyin hanta a ciki, masu tallafa musu a layukan tsakani. Akwai wata dabarar kuma: a jera 'yan ƙwallaye masu girma ɗaya, a zuba jel a kansu, a narkar da ƙwallayen, a bar ramuka iri ɗaya masu ƙofofi a tsakani. Salman Khetani da Sangeeta Bhatia kuwa, a 2008, tsibirai suka zana na kolajin, faɗin kowanne rabin milimita, ƙwayoyin hanta a kai, wasu ƙwayoyin kewaye da su, suka yi makonni suna aiki. Da wannan tsarin aka raini ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a hantar faranti daga baya.

Fa'idar zane ita ce kowane rami daidai yake da ɗan uwansa, don haka oksijin na isa, sakamako na maimaituwa. Amma na'urar buga ƙwayoyi daga dubban daloli take farawa, ba mai gyara ta a kusa, kuma ganin cikin abin da ka buga yana son madubin leza. Robar PDMS da ake yin hatimin zane da ita tana tsotse wasu magunguna, sai abin da ya isa ƙwaya ya gaza abin da ka zuba. Zaren robar PCL da ake saƙawa da lantarki mai dubban bolt ma yana nan: ba ya lalacewa a ajiye, amma yana narkewa a digiri 60, ba ya shiga tukunyar turara kaya, kuma ya fi hanta tauri nesa ba kusa ba. Ya fi dacewa da ƙashi.

Akwai ƙaramar hanya ta talaka. Na'urar buga roba ta 3D irin ta sashen injiniya tana iya buga maka hatimi mai 'yan ƙusoshi. Ka danna shi cikin agaros mai ɗumi, wani jel da ake samu daga ciyawar teku, ya huce, ka samu ɗaruruwan ramuka. Ƙwayoyi ba sa manne wa agaros, sai su gangara cikin ramin su rungumi juna su zama curi. A cibiyar Karolinska ta Suwidin an nuna a 2016 cewa curin ƙwayoyin hantar mutum, kimanin ƙwaya 1,500 a kowanne, ya yi mako 5 yana aiki ba tare da wani tsaiko a cikinsa ba.

| Tsaiko | Kuɗi | Juriyar zafi da ɗauke wuta | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Kolajin shimfiɗa biyu | Arha in ka haɗa da kanka | Matsakaici, yana son firij | Sai an saba | Bambancin kauri |
| Matrigel | Tsada sosai | Babu | Mai sauƙi in da ƙanƙara | Lalacewa a hanya, bambancin kwalba |
| Aljinet | Arha | Sosai | Mai sauƙi | Mutuwar tsakiya |
| Hantar kwata | Arha, gwajin tabbatarwa ke cin kuɗi | Da kyau bayan an busar | Aiki mai yawa | Ragowar sabulu, gurɓacewa |
| Bugun na'ura | Mafi tsada | Na'urar na son wuta tsayayya | Wuya | Lalacewar na'ura |
| Ramukan agaros | Arha | Sosai | Mai sauƙi | Curi na bin ruwa lokacin canji |

Teburin bai nuna abu ɗaya ba: duk tsaikon da ka zaɓa, ƙwayoyin suna son digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari dare da rana. Kuɗin da za ka zuba a jel mai tsada, in ka sa shi a inbata da batir da tukunyar gas ta biyu, ya fi maka.

Wa ya dace da wanne

In kana da shekara ɗaya da HepG2 kawai, kuma tambayarka ita ce ko wani jiƙo ko gari yana kashe ƙwaya, ɗauki ramukan agaros, ka ajiye faranti na fili a gefe don kwatanci. Auna yuriya da LDH, sinadarin da ke tsiyayowa daga ƙwayar da ta lalace, kayan gwajinsu irin na ɗakin gwajin asibiti ne, ba sa wuyar samu a Sakkwato ko Kano. Kada ka rubuta cewa abu ba shi da illa ga hanta don HepG2 ta tsira.

In aflatoksin ne ko farasitamol, ko duk abin da sai hanta ta sarrafa shi, kuɗinka ya tafi wurin ƙwaya: hantar ɓera sabuwa tsakanin kolajin biyu.

In digiri na uku kake yi kuma kana son abin da za a ce naka ne, hantar akuya. Kwatanta tsaikon hanta lafiyayya da na wadda tsutsa ta yi wa tabo tambaya ce mai kyau, kayanta kuma suna kwata kowace safiya. Ka nemi haɗin gwiwa da ɗakin da zai auna maka DNA tun kafin ka rubuta takardar neman tallafin TETFund.

In ƙwayoyi masu yawa kake so cikin kwalba ɗaya, don tattara abin da suke fitarwa, aljinet. Matrigel da na'urar bugu kuwa, bar su sai ka samu zaman wata shida a ɗakin da ya riga ya mallake su.

Ga wanda ya karanto har nan don yana da mara lafiya a gida, cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya: babu ko ɗaya cikin waɗannan da ake dasa wa mutum a madadin hantarsa a yau. Aikinsu gwajin magani ne da nazarin cuta. Duk wanda ya ce zai sayar maka da hantar lab ko allurar ƙwayoyin da za su sabunta hanta, kuɗinka yake so. A kai mara lafiya asibiti, sauran mutanen gida a yi musu gwajin cutar hanta nau'in B, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi.

Ɗalibar tawa ramukan agaros ta ɗauka. Wani yaro a sashen injiniya ya buga mata hatimin, na farko ƙusoshin sun yi kauri, na biyu ya yi. Ranar da ta fara canza ruwa ta tsotse rabin curin da bututu, ta zo tana neman kuka. Yanzu a gefen faranti take sa bakin bututun, ta karkata shi kaɗan, ta cire rabin ruwan kawai.